Balbina, Wadda Ta Kai Fure Kabarinta

In ka sauka daga mota a bakin kasuwarmu ranar Asabar, kafin ka ga Balbina za ka ji muryarta. Tana zaune a bayan kaskon suyar ayaba, tana faɗa da direbobi don suna turo mata hayaƙi a kan kaya. Gajeriya ce, kakkaura, bakinta ja wur saboda taunar bua, wato goron ƙasarmu, 'ya'yanta huɗu, jikoki biyu. Ni Natercia, 'yar wan babanta ce, na girme ta da shekara biyu, a tukunya ɗaya muka ci muka girma. Amma shekara goma sha takwas cur ban kira ta da sunanta ba ko sau ɗaya, kuma ba don faɗa ba.

Gidanmu na 'yan'uwa biyu ne, babana Cipriano da ƙanensa Anacleto, baban Balbina, wanda nake kira Tiu, wato baffa. A samansu duka akwai kakarmu Abo Rofina, tsohuwa 'yar firit wadda ko kaza ba ta shiga ɗaki sai ta yarda. Lokacin da sojojin Indonesiya suka mamaye Timor, kowa ya gudu kan dutsen Kablaki. Shekara uku muna can muna cin saiwa da ganye, jirage na bin mu. A can ƙanwata Zulmira ta rasu tana da shekara uku. Tsarar Balbina ce, wata biyu ne tsakaninsu. Ama, wato uwata, don haka muke kiran uwa a yarenmu, ita kaɗai ta binne ta, da hannu da tsinken itace, don ranar babana ya tafi neman ruwa, mu kuma muna ɓoye a cikin kogo.

Da yunwa ta sauko da mu, sojoji suka tara mu a bakin titi, mutanen tsaunuka daban-daban waɗanda ba su san juna ba, aka ce nan ne sabon ƙauyenmu. Tiu Anacleto bai sauko ba, ya zauna da masu bindiga a daji. Aka zo rubuta katin iyali, magatakarda ya tambayi Ama 'ya'yanta nawa. Ta ce biyu, Natercia da Zulmira. Babana ya dube ta, ta ƙi dubansa. Ta ce wa magatakarda ƙaramar tana wurin dangi, za ta zo. Bakinta ne ya kasa faɗin ɗayar maganar, shi ke nan, babu wata dabara a ciki.

A shekarar 1982 mutanen daji suka kai wa sojoji hari a kusa da mu. Bayan kwana kaɗan katikis ɗinmu, mai koyar da addini, ya raɗa wa Abo a bakin coci cewa za a kwashe duk mai miji ko uba a daji, a kai shi tsibirin Atauro. Mun riga mun ji labarin tsibirin nan: rana, duwatsu, babu ruwa, yara na mutuwa. A katin Tiu Anacleto akwai suna uku, matarsa Leopoldina, wadda nake kira Tia, wato gwaggo, da Balbina mai shekara bakwai, da jariri Tomas. Balbina kuwa tana kwance a ɗaki, ƙyanda ta yi mata rugu-rugu.

Abo ta tara Ama da Tia Leopoldina a madafa da rana tsaka, ni ina gefe ina ɓarzar masara. Ta ce, "Jariri dai yana kan nono, babu yadda za a yi. Amma yarinyar nan in ta hau jirgin ruwa a haka, a teku za a jefa ta. Muna da suna babu yarinya a wannan katin, muna da yarinya a wancan. Balbina za ta mutu yau."

Tia Leopoldina ta dafe ƙirji. "Haba Abo, bakinki!"

"Bakina ne zai raya ta. Ke kina da wata dabarar? Faɗi, ina ji."

Ba ta da ita. Uwata kuwa tana ta juya wutar murhu da ba ta bukatar juyi.

Babana ya saro kututturen ayaba daidai tsawon yarinya, aka naɗe shi a zanen saƙi, aka sa a akwati. Wa zai ce a buɗe gawar mai ƙyanda? Tia Leopoldina ta yi kuka a maƙabarta har ta faɗi, kuma babu wanda zai ce kukan ƙarya ne. A gida Abo ta aske wa Balbina kai ƙwal, ta zaunar da ita a tsakanin ƙafafunta.

"Yaya sunanki?"

"Balbina."

Abo ta murɗe mata kunne. "Balbina tana cikin rami, yanzu muka dawo. Yaya sunanki?"

"To ni wace ce?"

"Zulmira. Ga uwarki can, ga yayarki."

"Abo, ai Zulmira ta mutu a dutse."

Sai Ama ta tashi ta fita daga ɗakin.

Kwana huɗu bayan haka motocin suka zo da hantsi. Aka tara mu a filin makaranta, wani soja yana karanta suna. Da ya zo kan Balbina, dagaci ya ce ta rasu, ga kabarinta can ɗanye. Sojan ya ja layi ya wuce. Tia Leopoldina ta hau mota da Tomas rataye a zane. Abo ta riga ta ja mata kunne kada ta waiwayo, ba ta kuwa waiwayo ba. Balbina tana tsaye a jikin Ama, hannunta cikin nawa, farcenta ya shige tafina har ya yi jini. Wani soja mai gashin baki ya tsuguna a gabanta da alawa, ya tambaye ta sunanta da guntun yarenmu da ya koya.

Ta ce, "Zulmira, Bapak," wato yallaɓai a yarensu.

Ama ta ɗora mata hannu a kan askakken kan nan. Tun ranar ba ta ɗauke hannun ba, in kun gane abin da nake nufi.

A wurinmu ba a binne mutum a juya baya. Kwana bakwai a kai furanni masu ɗaci, bayan wasu bakwai a kai masu zaƙi, a ɗaura baƙin ƙyalle shekara guda. Duk gidan za a je, wanda bai je ba sai an tambayi dalili. Haka Balbina ta ɗauki kwandon fure a kai, ta bi layi, ta zuba a kan kabarin da aka rubuta sunanta a gicciyensa, ta kunna kyandir. Muna dawowa ta ja ni baya ta ce, "Mana," wato yaya a yarenmu, "in ruwa ya sauka, zai shiga inda nake?"

Na ce, "Ke dalla, ayaba ce a ciki."

"Na sani. Amma zai shiga?"

A nan ne Abo ta yi kuskuren da ta mutu tana nadamarsa. Akwai tsoho Mau-Leki, mai kula da ɗakin da ake ganawa da kakanninmu da suka mutu. Surukinsa yana cikin 'yan sa-kai masu yi wa sojoji aiki, don haka Abo ba ta gaya masa gaskiya ba. Shi kuma ya yi aikinsa tsakani da Allah. Da shekara ta zagayo za a cire baƙin ƙyalle, ya yanka alade, ya shiga ɗakin kakanni da bua da ganye, ya kira Balbina 'yar Anacleto sau uku, ya miƙa ta gare su, ya ce ga 'yarku nan ta iso, ku ba ta wurin zama. Abo tana waje tana ji, ba ta da bakin cewa tsaya. Ƙaryar da aka shirya don sojoji sai ga ta an kai wa kakanni, su kuma ba a yi musu ƙarya a kwana lafiya. Daga ranar Abo ta ce duk wanda ya kira sunan nan, ko da raɗa, to ya nuna musu inda yarinyar take ne, za su zo su ɗauki abinsu.

Mu yara ba mu bar wasa ba, in ba mu ba wa zai iya. In babu manya kusa sai in ce, "Ke gawa, miƙo min gishiri." Ta ce, "Gawa ba ta zuwa aike, tashi ki ɗauka da ƙafarki." Amma in an yi tsawa sai ta shige ƙarƙashin gado, ta ce su ne suka zo nemanta. Ama kuma ta sake zama mutum. Matar da tun saukowarmu daga dutse ba ta yi dariya ba, sai ga ta tana waƙa a bakin turmi. Ƙwai ɗaya in kaza ta yi, na Zulmira ne. Har ta fara ba ta labarin yadda ta haife ta, da yadda take ƙin shan kunu tana jaririya. Balbina ta yi ta gyaɗa kai.

Bayan shekara huɗu aka sako Tia Leopoldina. Ta sauko daga mota da ƙunshi ɗaya, ta rame har sai da Abo ta kira sunanta da alamar tambaya. Babu Tomas. Gudawa ta ɗauke shi a watan farko a tsibirin. Tiu Anacleto kuma an riga an kawo labarin an harbe shi a daji. Ta tsaya a tsakar gida tana duban yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya da ke riƙe da tulu. Maƙwabta sun cika gidan, har da matar wani ɗan sa-kai.

Ama ta ce, "Zulmira, ba ki iya gaisuwa ba ne? Gaida Tia."

Balbina ta ajiye tulu, ta je ta kama hannun uwar da ta haife ta, ta sumbata kamar yadda ake yi wa manya. "Sannu da zuwa, Tia."

"Yawwa, 'yar nan. Kin girma."

Iyakar abin da suka ce ke nan.

Da mutane suka watse Abo ta gaya mata zancen Mau-Leki. Tia Leopoldina ta ce, "To a warware mana. Ai ana dawo da wanda aka binne bisa kuskure."

"Ana dawowa. A tone kabari da rana, a gaban dangi, a fito da abin da ke ciki kowa ya gani. Kin ga inda sojoji suka kafa sansaninsu? Daga bakin ƙofarsu ana hango gicciyen. Su ga kututturen ayaba, wa kike so su fara ɗauka, Cipriano ko dagaci?"

"To in kira ta a ɗaki, ni da ita, babu mai ji."

"Kakanni ba su da kunne a ɗaki? 'Ya ɗaya ta rage miki, Leopoldina. Ɗaya."

Aka yi mata 'yar bukka a ƙetaren hanya, taki ashirin daga ƙofarmu. Sojan da ke kula da ƙauyen yana leƙa ta duk mako, don wanda ya dawo daga tsibiri ba a daina sa masa ido. Ba ta isa ta riƙa jan 'yar wani gida a jiki ba. Sai ta samo hanya ɗaya. Da yamma ta leƙo ta ce, "Zulmira, na ga kina susa, zo in duba miki kai. Idon uwarki ya fara rauni." Neman kwarkwata babu wanda zai ga laifinsa. Balbina ta zauna a ƙasa, ta jingina da gwiwoyinta, awa guda ana tsefe gashi babu mai magana. Da Ama ta gane, sai ta riƙa wanke kan da toka da kananzir har babu ko ƙwai ɗaya. Balbina kuma ta shiga aron matajin 'ya'yan gidan da suka fi kowa ƙazanta a makaranta. Na kama ta da idona.

Na ce, "Ke mahaukaciya ce? Ni ma sai kin shafa min!"

Ta ce, "To ki matsa da tabarmarki mana."

Haka aka yi ta tafiya. Abo ta rasu. Ni na yi aure a ƙauyen. Maza uku suka aiko neman Balbina, duk ta ƙi. Babana ya yi faɗa, ta ce masa, "Apa, in an zo zaman dangi, 'yar wa za a ce ana aurarwa? Ni ba zan shiga gidan mutum da sunan wata ba." Sai ya tashi ya fita gona.

A 1999 sojojin suka tafi, bayan sun ƙone rabin ƙauyen. Tia Leopoldina ta riga ta kamu da tari mai jini, kowa ya san ba za ta daɗe ba. Da damina ta ɗauke, Balbina ta ja ni muka je wurin Mau-Leki, wanda ya tsufa har ba ya gani. Ta gaya masa komai. Sai ya yi ta zagin Abo a kabarinta, zagin da ba zan maimaita ba. Da ya huce ya ce zai yi, amma da sharaɗi.

"Na ba su yarinya, sun ba ta wuri. Ba zan je in ce ku ba ni, in bar musu wurin fanko ba. Akwai wadda ya kamata ta zauna a can tun tuni, shekara ashirin da biyu tana yawo a dutse babu fure babu kyandir. A kawo ƙasusuwanta a sa a ramin, in kira sunanta, sannan in karɓo ki."

Mutum ɗaya ne a duniya ya san inda Zulmira take kwance.

Mun tarar da Ama tana shanya kofi a tsakar gida. Ni na fara magana, ban kai rabi ba ta ce, "'Yata ba ta mutu ba. Ga ta nan tsaye a bayanki."

Balbina ta tsuguna a gabanta. "Ama, ba gudunki zan yi ba. Taki ashirin ne."

"Wa ya yi jinyarki da ƙyanda? Wa ya goya ki zuwa asibiti da kika karye? Ita tana ina?"

"Tana inda aka kai ta, Ama. Ba yawo ta tafi ba."

"To yanzu na gama aiki, a sallame ni ko? An ari zanena an rufa, rana ta fito, a jefo min."

"Ba za ta kai ƙarshen shekara ba, kin ji tarinta. Ina so ta kira ni sau ɗaya in amsa."

Ama ta ci gaba da baza kofi da hannu. Can ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Ku ba ku san abin da kuke roƙo ba. Ni na rufe ta da hannuna, ko zane ban samu na naɗe ta ba. Kuna so in koma in tone."

Wata biyu ta ƙi. Babana ya yi magana, Fada, limamin cocinmu, ya yi magana, ta ce su ji da abin da ya dame su. Tia Leopoldina kuwa ba ta roƙe ta ba ko sau ɗaya. Abin da ta yi ya fi roƙo nauyi. Wata safiya ta lallaɓo da sanda ta ƙetaro hanyar, ta ajiye wa Ama wani ƙaramin zanen saƙi a cinya, sabo, wanda ta daɗe tana saƙawa a kwance. Girmansa na yarinya 'yar shekara uku ne. Ta ce, "Mana, kin rufa wa tawa asiri. Ba ni da abin da zan ba taki sai wannan." Ta juya ta koma.

Ama ta yi kwana uku ba ta taɓa zanen ba. A na huɗu ta ɗauki fartanya ta ce min, "Ɗauko ruwa. Ki ce wa waccan ta zo."

Yini guda muka hau. Ama tana gaba, ba ta tsaya tambayar hanya ba. Amma da muka isa, zaizayar ƙasa ta cinye gefen dutsen, itacen da ta sa alama da shi babu ko kututturensa. Ta haƙa nan, ta haƙa can, har hannunta ya fashe. Balbina ta karɓi fartanyar ta haƙa ita ma. Babu komai. Daga ƙarshe Ama ta zauna a ƙasa, ta kira, "Zulmira! Zulmira, taso mu tafi gida, Ama ce." Balbina da ke gefenta ta buɗe baki za ta amsa, na toshe mata shi da hannuna. Ama ta ɗebi ƙasa cikin tafi biyu da ɗan dutse ɗaya, ta naɗe a zanen, ta rungume a ƙirji har muka sauko. Mau-Leki ya ce ya isa, mutane da yawa abin da suka samu ke nan.

Aka tone kabarin a gaban dangi. Akwatin ya ruɓe, ayaba ta zama ƙasa, sai ɗan guntun zane. Aka sa Zulmira, aka canza gicciye. Mau-Leki ya wanke wa Balbina kai da ruwan kwakwa, ya shafa mata bua a goshi, ya shiga da ita ɗakin kakanni, ya fito da ita yana riƙe da hannunta kamar jaririya mai koyon tafiya. An kawo Tia Leopoldina a kujera. Ya ce mata, "Kira 'yarki."

Muryar ba ta fito ba sai a karo na biyu. "Balbina."

"Na'am, Ama."

Ran nan ta naɗe tabarmarta ta ƙetare hanya. Kada in yi muku ƙarya in ce daga nan komai ya yi daɗi. Ba su saba hira ba, sukan zauna shiru kamar baƙi a ɗakin jira. Balbina takan manta ta ce Tia, sai ta yi saurin gyarawa, uwar ta ce, "Bar shi, na ji abin da kike nufi." Wata biyar suka samu. Balbina ce ta yi mata wanka, ita ta rufe mata ido, kuma da aka tsaya a maƙabarta, a wurin 'ya ta tsaya, kowa na gani.

Uwata ta ɗaura baƙin ƙyalle shekara guda saboda Zulmira, kuma a shekarar ba ta yi wa Balbina magana ba. Balbina tana kawo mata abinci kullum, ta ajiye a bakin ƙofa, ta dawo ta ɗauki kwano wankakke. Bayan an cire ƙyallen suka koma gaisawa, har ita ce ta yi mata rakiya ranar aurenta. Amma har ta rasu ba ta kira ta da ko ɗaya daga sunayen biyu ba. In tana son ta, sai ta ce min, "Natercia, kira min ƙanwarki."